Rabona a Ƙahon Tentek

Tun daga bakin ƙofar zauren na hango shi.

Kawunan barewa sun fi gaban ƙirga a jikin bangon nan, amma idona bai yi kuskure ba. Kunnen hagu a tsage. Wani reshe na ƙahon dama ya lanƙwasa ciki kamar yatsan tsohuwa.

Tentek ne.

Tentek ɗina!

Sun sa masa idon gilashi, sun goge masa ƙaho da mai har yana ƙyalli, sun kafe shi a kan katako. A ƙarƙashinsa an rubuta sunan maharbin da ruwan zinariya: Sanjar.

"Ƙanwata, buɗe jakar mu gani," in ji mai gadin ƙofa.

Na buɗe masa. Ya warware mayafin da na naɗe abin da shi, ya ɗago ya dube ni.

"Zarto?"

"Na yankan ƙaho ne, aga. Na babana." Aga muke ce wa namijin da ya girme mu, mace apa, tsoho kuma ata.

"Na sayarwa kika kawo?"

"Na aiki."

Ya yi dariya ya mayar mini. A baje kolin kayan farauta, inda kowane teburi ke ɗauke da wuƙaƙen da za su feɗe doki, wa zai damu da tsohon zarto a jakar 'yar ƙauye? Na gode masa da murmushin da ban san ina da shi ba, na shige.

Sunana Gauhar. Babana mai gadin daji ne a tsaunukan bayan garin Katon-Karagai, a can na tashi. Ina 'yar makaranta na tsinci ɗan maral, wato babbar barewar dutse, a bakin rafi, kyarketai sun cinye uwarsa sun tsage masa kunne. Na ɗauko shi a bayana ina kuka yana kuka. Da bulumboti na raine shi kusa da murhun ɗakin girkinmu, ya cinye mana labule, ya tauna hular babana, shi ya sa aka sa masa Tentek, wato mara ji.

Da ya girma ya koma dutse wurin 'yan'uwansa, ya zama namijin maral da babu kamarsa a yankin. Amma ko yana ina, in na tsaya a gindin dutse na yi masa fitona, sai ya sauko ya ci gishiri a tafin hannuna. Maharban ƙauyenmu duk sun san shi. Ko a lokacin da ake yunwar nama ba wanda ya taɓa ɗaga masa bindiga.

Mutum ɗaya tak na koya wa wannan fito.

Sanjar ɗan jagora ne, yana shiga daji da baƙin Nurtas-aga, attajirin da ke da sansanin farauta a ƙasan kwarinmu. Na so shi son da ba na jin kira. Yakan ɗora ni a dokinsa mu hau dutse, yana ce mini janim, wato raina, ni kuma sakarar ina narkewa. Mahaifiyarsa, Kulash-apa, ita ce ta tsaya ƙyam.

"Yarinyar da ke warin barewa ba za ta zuba mini shayi a gidana ba," haka ta faɗa, kuma ta tabbatar maganar ta iso kunnena.

Ita Dilnaz take so, 'yar Nurtas-aga.

Sanjar ya rantse mini da hasken idonsa ba zai bar ni ba. Sai kaka ta zo, lokacin da mazan maral ke ruri a kan duwatsu. Wata safiya na ji ƙarar bindiga daga wajen da ba a farauta. Na yi fito har leɓena ya tsage, Tentek bai sauko ba. Shi ma Sanjar daga ranar bai sake taka ƙofar gidanmu ba, wayarsa kuma kullum a kashe.

Ban yi masa Allah ya isa ba. Na fi son in karɓi hakkina da hannuna.

Na jira duk tsawon hunturu. Da na ji za a kai kan Tentek baje kolin birnin Oskemen da sunan Sanjar, kuma a ranar da ya ci lambar zinariya Kulash-apa za ta je ta sa wa Dilnaz 'yan kunnen baiko, sai na ɗauko zarton babana na hau mota.

Da sauran lokaci kafin alƙalai su fara awo, don haka na shiga zagaye kamar kowa. Zauren ya cika da maza masu tumbi sanye da kayan shiga daji, waɗanda daga ganin takalmansu ka san ba su taɓa taka laka ba. Ga bindigogi a jere cikin gilashi, ga madubin hangen nesa, ga tantuna, ga sirdi da linzami. Wani mai sayar da bututun kiran maral yana ta gwada wa mutane, kukan da ke fita kuwa sai ka ce saniya mai naƙuda.

"'Yar kyakkyawa, saya wa angonki ɗaya!" ya ce da ni.

"Nawa angon ya iya kira, aga. Abin da ya fi iyawa ke nan."

Ban yi nisa ba na ji ƙamshin turare mai tsada a bayana.

"Kai! Wa nake gani haka?"

Dilnaz ce, cikin farar rigar gashi, ta tattare sumarta sama don kowa ya ga kunnenta a shirye yake.

"Gauhar, ke ce a birni? Wa kika bar wa awakin?"

"Na zo taya ki murna."

"Allah sarki... ai da kin faɗa da na aiko miki da rigar da za ki sa." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kin ga kan nan? A falonmu za a kafe shi, ni da Sanjar. In kin yi kewar ɗanki sai ki riƙa zuwa kina goge masa ƙura."

Hannuna ya matse jakar har na ji haƙoran zarton ta cikin mayafi.

"Zan taɓa shi yau ma, in Allah ya yarda," na ce.

Ta yi tsaki ta wuce.

Sanjar kuma sai ga shi.

Ya rame. Sun sa masa kwat da ta yi masa yawa a kafaɗa, ya zama kamar baƙo a jikinsa. Yana ganina kofin shayin hannunsa ya karkace ya zubo masa a takalmi. Zuciyata ta buga, na tsine mata a ɓoye, don ba bugawa na kawo ta yi ba.

"Gauhar... janim..."

"Kar ka kuskura!"

"Ki saurare ni, minti ɗaya."

"Hunturu guda na ba ka, Sanjar. Ba ka zo ba."

"Ban san da wane ido zan dube ki ba."

"Saya na gilashi mana. Na ga ana sa wa."

Ya runtse ido kamar na mare shi. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, kuma ban ji kunyar jin daɗin ba.

"Don Allah ki tafi gida," ya ce a hankali. "Nan ba wurinki ba ne yau."

"Yau ɗin kuwa nan ne wurina."

Lasifika ta kira masu ƙaho su matso. Aka sauko da kawunan aka jera a kan dogon teburi. Shugaban alƙalan Kabdesh-ata ne, tsohon maharbin da duk yankin Altai ke tashi tsaye in ya shigo, gemunsa fari fat amma idonsa garau. Suka auna tsawo, suka auna kauri, suka ƙirga rassa. Da aka zo kan Tentek sai zauren ya yi tsit, har masu bututu suka daina busa.

"Na daɗe ina yawo a duwatsun nan," in ji tsohon, "ban ga irin wannan ba sai sau ɗaya, ina saurayi. Ina maharbin?"

Nurtas-aga ya turo Sanjar gaba yana bubbuga masa kafaɗa. Kulash-apa tana layin farko, ta rungume akwatin 'yan kunne a ƙirji, baki har kunne. Aka ɗauko lambar zinariya.

Na ratsa mutane na fito fili.

"Siralgi!"

Kowa ya juyo.

"Siralgi, maharbi! Na tarar da kai da abin da ka kashe. Ba ni rabona!"

Babu wanda ya sha nonon uwarsa a ƙasarmu da bai san wannan kalma ba. In ka ci karo da maharbi ɗauke da abin da ya harbo ka furta ta, dole ya yanka ya ba ka, ko kai maƙiyinsa ne. Abin daji na Allah ne, ba na mai bindiga shi kaɗai ba. Wanda ya hana, ana cewa sa'arsa ta bar shi har abada, kuma ba maharbin kirki da zai sake zama da shi a bakin wuta.

Wasu suka fara dariya, suna zaton wasa ne aka shirya. Nurtas-aga ma ya yi tasa, irin ta manya.

"'Yata, kin makara. Naman tun kaka aka cinye shi. Zo in sa a ba ki kwalin cakulan."

"Tunda an cinye naman ba da ni ba, aga, sai a ba ni daga abin da ya rage."

Na warware mayafin na ɗora zarton a kan teburi.

"Ƙahon dama nake so."

Dariyar ta ɗauke.

"Wannan yarinya mahaukaciya ce!" Kulash-apa ta miƙe. "Ku fitar da ita! Ta bi ɗana ya ƙi ta, shi ne ta zo ta tozarta mu!"

"Ni ban zo wurin ɗanki ba, apa. Wurin maharbi na zo."

"Nan ba daji ba ne," Nurtas-aga ya ce, fuskarsa ta fara ja. "Zauren gwamnati ne. Ina masu gadi?"

"Dakata, Nurtas."

Kabdesh-ata ne. Bai ɗaga murya ba, amma masu gadin suka tsaya inda suke. Ya dube ni ta saman tabaransa.

"'Yar wa ce ke?"

Na faɗi sunan babana.

"Na san shi. Tun da aka kashe barewar nan kin taɓa haɗuwa da maharbin?"

"Sai yau, ata."

"To yau ta tarar da shi." Ya juya ga taron. "Ni dai kakana bai gaya mini siralgi na da rufin kwano ko ba shi da shi ba. Duk shekara muna taruwa nan muna cika baki mu ne magada maharban da. Ga yarinya ta tambaya da al'ada. Yaro, ka ji ta. Ka bayar, ko ka hana a gabanmu."

Tsofaffin da ke bayansa suka gyaɗa kai. Wani daga can ƙarshe ya ce, "A ba ta!"

Na zuba wa Sanjar ido. Abin da na kwana ina tsarawa ke nan. In ya hana, ya mutu a idon maharba, ba wanda zai sake yarda ya bi shi daji. In ya bayar, lambar zinariya ta tafi, kuma Nurtas-aga ba zai ba shi ko ruwan sha ba balle 'ya. Duk inda ya juya, ni ce a gabansa.

"Sanjar," Nurtas-aga ya ce ta cikin haƙora, "ka taɓa zarton nan, ka nemi wani aikin."

"Ɗana, ka tuna da ni!" in ji Kulash-apa.

Sanjar bai dubi ko ɗayansu ba. Ni ya duba, ya daɗe yana dubana, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sai ya cire kwat ɗin ya yar a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki zarton.

Ya ɗora shi a gindin ƙahon dama.

Ƙarar ja na farko ta cika zauren.

"A'a! A'a! Ka bari!"

Dilnaz ta ture mutane ta faɗo kan teburin, ta riƙe masa hannu.

"Ba naka ba ne da za ka bayar! Nawa ne! Ni na harbe shi! Ni!"

"Dilnaz!" ubanta ya daka mata tsawa.

Amma magana ta riga ta fita, kuma lasifika na kunne a kan teburi. Har masu sayar da tantuna a bakin ƙofa sun ji.

Kabdesh-ata ya cire tabaransa a hankali.

"Ke kika harbe shi? To me sunan yaron nan yake yi a katako?"

Dilnaz ta saki hannun Sanjar ta ja da baya.

"Kina da izinin farauta, 'yata?"

Ta dubi ubanta. Ubanta ya dubi ƙasa. Jami'an kula da daji guda biyu da ke zaune a gefe suka ajiye shayinsu suka miƙe tsaye.

Ni ban san da wannan ba, na rantse. Tarko ɗaya na kafa, Allah ya kawo mini biyu. Na matsa kusa da ita har ina jin numfashinta, na yi mata irin kallon da ta yi mini ɗazu, daga sama har ƙasa.

"Ashe ke ce maharbiyar? Yi haƙuri, ban sani ba." Na miƙa mata tafin hannuna. "Siralgi, Dilnaz."

Zauren ya fashe da dariya. Ta rufe fuska da rigar gashinta ta ruga waje, jami'an suka tare ubanta suna masa tambayoyi, Kulash-apa ta koma ta zauna daɓas da akwatinta a cinya. Shi kuwa Sanjar bai ɗago ba. Ya ci gaba da ja, farar ƙura na zuba a kan teburi, har ƙahon ya rabu. Ya ɗauko shi da hannu biyu ya miƙo mini, kamar yadda ake miƙa wa babba.

"Ga rabonki."

Na karɓa. Ya yi nauyi, ya yi sanyi.

Na juya na fita, mutane na darewa suna ba ni hanya.

A waje ƙanƙara ta fara narkewa, titi duk ruwa. Ina tafiya zuwa tasha rungume da ƙaho, wani abu kuma na tsalle a ƙirjina wanda na kasa dannewa. Ba shi ya harba ba! Ba hannun da ya riƙe nawa ba ne ya ja kunamar bindigar! Na ji takunsa a bayana, ban ƙara sauri ba.

"Gauhar! Tsaya, don Allah!"

Na tsaya a bakin tasha. Ya iso yana haki, daga shi sai 'yar riga a cikin wannan sanyi.

"Komai ya ƙare," ya ce. "Aikin, auren, duka. Na ji kamar an sauke mini dutse. Janim, zan je gaban babanki in durƙusa. Mama za ta haƙura ko ta ƙi, ni dai ke nake so. Ke kaɗai na taɓa so."

Ya kama hannuna, ban ƙwace ba. Ɗumin nan na da yana nan yadda na san shi. Saura kaɗan in faɗa jikinsa.

Sai wani tunani ya zo mini, na so in kore shi ya ƙi koruwa.

Dilnaz ba ta iya hawa dutse ba. Ko gwangwani aka ajiye mata a kan shinge sai ta ƙarar da harsashi ba ta same shi ba. Tentek kuwa ƙamshin baƙo yake ji daga wancan tsauni ya ɓace.

"Sanjar."

"Na'am, raina."

"Yaya aka yi ya zo kusa da ita?"

Hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa.

"Gauhar..."

"Tambaya ɗaya ce. Ka yi masa fitona?"

Motoci na wucewa suna fesa mana ruwa. Na roƙi Allah a zuciyata ya sa ya yi mini ƙarya, na yi alkawarin zan yarda.

"Na yi," ya ce.

Na zare hannuna.

"Sun ce hoto kawai za su ɗauka! Ta ce tana so ta gan shi kusa, Nurtas-aga ya matsa mini, Mama ta ce in na ƙi na zubar da abincinmu. Wallahi hoto suka ce!"

"Da bindiga a hannunta?"

Ya kau da kai.

"Kai ɗan jagora ne, Sanjar. Kana gane sawun kyarkeci a kan dutse. Ba ka ga bindiga a hannun mace tana tsaye kusa da kai ba?"

"Na gani," ya ce, muryarsa ta karye. "Na ce wa kaina ba za ta harba ba."

"Ya sauko da gudu?"

"Kar ki tambaye ni wannan..."

"Ya sauko da gudu, ko?"

Ya gyaɗa kai, hawaye na bin fuskarsa.

"Ya zaci ni ce," na ce.

Ya zube a kan gwiwoyinsa cikin ruwan titi, mutane na kallo. Ya riƙe bakin rigata.

"Ki yafe mini. Ki hukunta ni yadda kike so, shekara nawa ma, amma kar ki bar ni. Ki ce ba kya sona in ji da kunnena, sai in tafi."

"Ina son ka," na ce. "Har gobe ina son ka, kuma wannan masifata ce, ni zan ji da ita. Da harbi ka yi, wataƙila da na yafe, maharbi ne kai. Amma abin da na ba ka don so, shi ka ɗauka ka kira shi da shi. Ba zan iya kwana a gida ɗaya da bakin da ya yi fiton nan ba."

"Gauhar!"

"Sakar mini riga."

Ya saki.

Motar Katon-Karagai ta cika saura kujera ɗaya a baya. Na zauna na ɗora ƙahon a cinyata, rassansa na taɓa rufi. Ban leƙa ta taga ba, ko da na ji yana kiran sunana har muka fita daga tasha.

Wata tsohuwa da ke gefena ta shafa ƙahon tana jinjina kai.

"Tubarkalla! Mijinki ne ya harbo, 'yata?"

"Ba ni da miji, apa," na ce. "Yau ni na yi farauta da kaina."

"To ai sai murna! Kukan na mene ne?"

Na ƙara rungume ƙahon, mota ta kama hanyar gida.